Wa ya taɓa zuwa tafkin Ampidong da ke Mangu a jihar Filato?

Ɗan Gangare:
Salam jama'a. Don Allah wa ya san tafkin nan na kan dutse a Ampang West? Ni da abokaina muna son mu leƙa da hutun sallah, mun gaji da Shere Hills da dam ɗin Lamingo na nan Jos kullum. Ya hanyar take, kuma ana iya wanka a ciki?

Baban Hanif:
Wa'alaikumus salam. Daga Jos ku bi Bukuru, Mararrabar Jama'a, Barkin Ladi har Mangu, sai Panyam ku yanki ta Kerang inda ake yin ruwan SWAN, daga nan ku riƙa tambaya. Wanka kam kar ma ku fara. Wannan ba irin kududdufan haƙar kuza ba ne na Rayfield, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne ruwa ya taru a ciki, gangaren ya yi tsaye sosai ga tsakuwa mai santsi, kana taka ta sai ka ji tana gudu da kai, in ƙafa ta zame wa zai ciro ka? Daga sama dai abin kallo ne wallahi, ruwa kore shar a zagaye, can ƙasa kuma gonakin dankalin turawa.

Maman Ilham:
Aman wuta kuma? Tab. Ba irin wannan ba ne tafkin Nyos na Kamaru da ya fitar da iska mai guba a 1986 mutum sama da 1,700 suka mutu? Ƙannena ku je Wildlife Park kawai ku dawo gida lafiya.

Baban Hanif:
Haba Hajiya, kar ki tsorata yara. Na Nyos zurfinsa ya kai mita 200, shi ya sa iskar ta taru a ƙasa, wannan ɗan ƙarami ne kuma mutane na noma a gindinsa tun kaka da kakanni.

Malam Tijjani Anguwar Rogo:
Ƙasar ƙabilar Mwaghavul ce, kuma suna girmama wurin, to kar ku haye kai tsaye kamar gonar babanku. Ku fara gaida mai unguwa ya haɗa ku da yaro ɗan gari, ku ba shi na goro. Ledar fiya wata da robar lemo ku dawo da abinku, abin da ya ɓata mana Lamingo kenan. Sannan kun san rikicin da aka yi a Mangu a 2023 da farkon 2024, ku tambayi direbobin tasha yadda gari yake kafin ku tashi, ku juyo kafin la'asar.

Ɗan Gangare:
Na gode Malam. Baban Hanif ƙaramar mota za ta kai ko sai mun hau acaɓa daga Kerang?