Daga wane littafi za a fara sanin Shakespeare?

Ɗaliba: Salamu alaikum, 'yan zaure. Ina son sanin rayuwar Shakespeare da inda ya samo labaransa. Da me zan fara?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Rayuwar ba za ta ci miki lokaci ba. An yi masa baftisma a Stratford ranar 26 ga Afrilu 1564, ya auri Anne Hathaway a 1582, ya rasu a 1616. Daga 1585 zuwa 1592 babu takardar da ta nuna sana'arsa, duk wanda ya cika miki wannan giɓin da labari, shaci-faɗi ne. Aikin yana wajen gwada wasan kwaikwayo da littafin da ya samo labarin daga ciki. Karanta Macbeth tukuna, sannan ki buɗe littafin tarihin Birtaniya na Holinshed, bugun 1587. A can Banquo, abokin Macbeth, da hannunsa a kisan Sarki Duncan. Shakespeare ya wanke shi tas, domin Sarki James, mai mulkin Ingila a lokacin, na ganin jinin Banquo ne shi. Wa zai zagi kakan sarki a gaban sarki?

Hajiya Malama: Malam, Holinshed ya yi wa mai koyo nauyi, Ingilishinsa sai da ƙamus. 'Yata, ɗauki Julius Caesar ki haɗa da littafin Plutarch na rayuwar manyan Girka da Rum, fassarar Thomas North ta 1579. Babi uku kawai: Kaisar, Brutus, Antony. Kowace fitowa, ja layi ƙarƙashin abin da Shakespeare ya ƙara.

Mai Shagon Littattafai: Ki guji bugun da babu sharhin kalmomi. Nemi bugun Arden ko na Folger. Da Hausa kuma akwai Daren Sha Biyu (Twelfth Night), fassarar Ibrahim Yaro Yahaya.

Malamin Adabi: Gaskiyarki, Hajiya. Romeo da Juliet ma ya fi sauƙi: waƙar Arthur Brooke ta 1562 ta ja labarin watanni tara, Shakespeare ya matse shi cikin kwanaki ƙalilan, ya mai da Juliet 'yar shekara 13. Gaggawar ce ta sa wasiƙar da ba ta isa wurin Romeo ba ta zama ajali.

Ɗaliba: Othello fa?

Hajiya Malama: Daga labarin Cinthio ɗan Italiya, 1565. Wasu masana na hasashen Shakespeare ya leƙa littafin Hasan al-Wazzan (Leo Africanus) kan Afirka da aka fassara zuwa Ingilishi a 1600, wanda ya ambaci Kano da Katsina. Idan za ki sa a takardarki, rubuta "ana hasashe".