Neman Shawara: Mu Buɗe Shafin Facebook Ko Mu Haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata taƙaddama ce ta taso a tsakaninmu nake neman shawararku. Muna da 'yar ƙungiya a nan Kano, yawancinmu ɗaliban Jami'ar Bayero ne da masu gyaran kwamfuta. Aikinmu wayar da kan jama'a kan manhajoji masu 'yanci, wato waɗanda kowa ke da damar ya yi amfani da su, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, irin su Linux da LibreOffice.

Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, ga shi tsofaffin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Sai muka ce mu sa rana mu ɗora wa mutane Linux kyauta a madadin Windows. Mun yi sanarwa a Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai 'yanci, mu kaɗai muka gani. Da na ce a buɗe shafin Facebook da zauren WhatsApp, sai babbanmu ya ce wannan tufka da warwara ce: ta yaya za ka ce wa mutum ya guji manhajar da ba shi da iko a kanta, alhali a cikinta kake yi masa nasihar? Har ya ce in an buɗe zai zare hannunsa. Shi ya koya wa yawancinmu, ba ma son rasa shi. Yaya za mu yi?

Wani mai gyara a Farm Centre:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ku buɗe kawai. Ka zo rumfata ka wuni, ka tambayi duk wanda ya kawo gyara ko ya taɓa jin Mastodon. Jiya wani yaro ya kawo mini laftof, an naɗe wayar cajarta da salatif, kafin ta tashi har na gama shan shayina. Irinsa kuke nema, shi kuwa datar soshiyal yake saya, mai arahar nan da ke buɗe WhatsApp da Facebook. In ka tura shi wani shafi na waje ba zai buɗe masa ba. Aƙida daban, aljihu daban.

Wata malamar kwamfuta:

Ni dai ba zan yi saurin watsar da maganar malaminku ba, tana da asali. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na rubuta manhajoji masu 'yanci a 1983, ya kafa gidauniyar manhajoji masu 'yanci a 1985, ba ya hawa Facebook, ko wayar hannu ba ya riƙewa. Sai dai shi bai taɓa neman tara ɗalibai a Kabuga ba.

Abin da ya fi damuna ba tsarkin aƙida ba ne. Ku tuna gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wata bakwai ke nan, duk wanda ya tara jama'arsa a can kaɗai sai da ya ji a jikinsa. Shafi a dandalin kamfani gidan haya ne: mabiyan ba a hannunka suke ba, kuma na'urar kamfanin ce ke zaɓar wanda zai ga saƙonka.

Don haka ku buɗe, amma sanarwa kaɗai za ta riƙa zuwa can: rana, wuri, da abin da mutum zai zo da shi. Darussa da bayanan Hausa da za ku rubuta su zauna a shafinku na kanku. Ranar taron a ajiye littafi a bakin ƙofa, wanda ya yarda ya rubuta lambarsa. Kuma kada ya zamana sai mai WhatsApp ne zai san lokacin taro, domin a nan ne za ku zama masu tilasta wa mutane abin da kuke hana su.

Wani ɗalibi:

Ku yi zauren shugabanni a Signal, manhajar hira irin WhatsApp, ita a buɗe take, wato kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta. Telegram kuwa ta cikin waya ce a buɗe, ta ɓangaren kamfanin a rufe take, kada a ruɗe ku. Af, shi babban naku wace waya ce a aljihunsa?

Wani dattijo daga Gwale:

Yaro, bar zolayar manya. Kai kuma mai tambaya, kun manta Kano garin rediyo ne? Ku nemi a gayyace ku wani shiri, ku liƙa takarda a sabon matsugunin jami'a da tsohon. Shi kuma malaminku kada ku yi musu da shi a zaure. Ku biyu ku same shi a gida bayan la'asar, ku roƙe shi ya riƙe shafin naku na kanku, ku ce Facebook ɗin ba sai ya taɓa ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, gobe in sha Allahu za mu je. Oga na Farm Centre, za ka ara mana filas guda biyu ranar?