Cek bawul na dukan bututu duk sanda famfo ya tsaya, a taimaka min

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar famfo ku kawo dauki. Ina aiki a wata masana'anta a Jubail ta Saudiyya, layin ruwan sanyaya injina, bututu inci 6, fresha (karfin turin ruwa) wajen bar 8. Cek bawul din, wato bawul mai hana ruwa komawa baya, irin mai murfin nan ne mai lilo, da zarar famfo ya tsaya sai ka ji gwaram kamar an maka guduma, allurar geji mai auna fresha ta yi tsalle, har gasket, abin da ke hana yoyo, ya fara tsiyaya a bakin filanji, wato mahadar bututun.

Mun rufe bawul na gaba da na baya, muka sauke fresha geji ya koma sifili kafin mu kwance, ba na wasa da wannan. Fil din da murfin ke lilo a kai ya dan ci, muka canza, kibiyar jikin bawul din mai nuna inda ruwa ke bi ma daidai take kallo, amma bayan sati biyu abin ya dawo.

Abin da ke damuna dab da gwiwar bututu aka daura bawul din, ko taki biyu babu. Muhandis dinmu, wato injiniya, ya ce a sa cek bawul mai sifirin kawai, mudir (manaja) kuma kudi yake ji. Sifirin din zai isa, ko sai mun matsar da bawul din gaba?