Tambaya: Na kasa sauke maƙalun JSTOR daga gida

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aji huɗu ne a sashen Tarihi na wata jami'a a nan Kano, ina rubuta kundin kammala digiri a kan cinikin gyaɗa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma yawancin maƙalun da nake buƙata suna JSTOR, wato wani rumbun maƙalun ilimi da ke intanet.

Idan na zauna a kan kwamfutocin laburaren makaranta, maƙala tana buɗewa gaba ɗaya har in sauke ta, amma da zarar na koma gida Kurna, shafin farko kawai nake gani, sai a buƙaci in shiga ta hanyar makarantata. Na zaɓi sunan jami'ar, na sa lambar rajistata da kalmar sirrin da aka ba ni lokacin karɓar katin laburare, aka ƙi su har sau uku. Na buɗe asusun kaina na kyauta, wanda ya ba ni damar karanta wasu a allo, amma bai yarda in sauke ba, ga tsadar data.

Na yi wa ma'aikacin laburaren bayani, ya tura ni ofishin kwamfuta, su kuma suka ce ba huruminsu ba ne. Zama a laburaren kuwa bai wadatar ba, domin kwamfutocin sun yi wa ɗalibai kaɗan.

Don Allah, wane mataki ɗalibi yake bi a haɗa asusunsa da rajistar makarantarsa, yadda zai iya sauke maƙala daga gida? Na gode.