Ziyarar Masallacin Fatahu a Dutsen Sal'u

Alhazan Sakkwato da suka sha zuwa Madina sun tattauna kan wannan ziyara, ga abin da suka tsayar. Masallacin Fatahu ɗan ƙarami ne, yana kan gangaren Dutsen Sal'u, inda aka yi Yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira. Ƙasa da shi akwai Masallacin Salmanul Farisi, sahabin da ya kawo shawarar haƙa ramin kare Madina, wato khandaƙ.

Bakinsu ya zo ɗaya kan lokaci: a fita bayan Asuba, domin da hantsi dutsen ya ɗauki zafi, matakalar ma ta cika da jama'a. Motar ziyara takan haɗa Ƙuba, Uhudu da Ƙiblataini a fita guda, don haka tsayuwar nan gajeruwa ce. Ka tambayi jagora minti nawa aka bayar, ka ɗauki hoton lambar motarku. Motocin duk kama ɗaya, nan ake ɓata.

Silifas mai santsi kan sa a zame wajen saukowa. A riƙe gorar ruwa, a yi alwala tun daga masauki. Dattijo mai ciwon gwiwa ya tsaya babban Masallacin Khandaƙ da ke ƙasa, ba dole sai ya hau ba. Shafar bango kuwa, masu gadi na hanawa.