Hukuncin Canza Inji a Tseren Dakar: Adalci Ne ko Zalunci?

Abba Rigasa: Jama'a, ni dai har gobe ban yarda da dokar nan ba. A tseren Dakar, wato tseren motoci da babura na hamada, mai babur ya canza inji sau ɗaya a ƙara masa minti 15, ya sake a ƙara 45. Inji ya mutu a cikin rairayi, ina laifin mahayi? Ku duba 2012, Marc Coma ya sha minti 45, Cyril Despres ya ɗauki kofi. Zalunci ne ƙarara.

Oga Sani Panteka: Abba, bi a hankali. Kafin a yanke wa Coma hukuncin nan, giyarsa ta riga ta lalace, Despres ya riga ya wuce shi. Kuma duk su biyun babur ƙirar KTM suke hawa. Inji iri ɗaya, hanya ɗaya, na wani ya kai Lima ta ƙasar Peru inda aka ƙare tseren shekarar, na wani ya gaza.

Abba Rigasa: Sa'a ce kawai, Oga.

Oga Sani Panteka: Ba sa'a ba ce. Kullum ina sauke inji a rumfata. Boxer biyu da aka saya rana ɗaya, ka buɗe na ɗaya ka ga fistin fes, ka buɗe ɗayan ka tarar baƙin mai ya kafe, ringi ya cinye, saboda mai shi yana murɗa totur tun inji bai yi ɗumi ba, matatar iska kuma cike da ƙurar hunturu. Hannun mahayi yana bayyana a cikin inji. Lallaɓa babur na tsawon mako biyu shi ma gwaninta ce, dole a saka ta a lissafi.

Maryam Kawo: Kawu Sani ya yi gaskiya, amma ni wani wuri nake kallo. In babu hukunci, kamfanin da ke da tirela cike da injuna zai riƙa sa sabo kowane dare. Wanda ya sayar da filinsa ya shiga tsere da inji ɗaya tal fa?

Abba Rigasa: To ai shi talakan ne hukuncin zai fi yi wa ciwo, Anti. Nasa injin ne zai fara mutuwa.

Malam Isa Tudun Wada: Wannan maganar ta Abba tana da nauyi. Sai dai wanda ya shiga da kuɗin aljihunsa burinsa ya kai ƙarshe, minti 15 ba za su hana shi ba. Manyan da ke rige-rigen daƙiƙoƙi su ne ke jin zafinta. Ni hukuncin da ba na son a taɓa shi ne na gudu a cikin ƙauyuka. Lokacin da tseren ke ratsa Afirka ta Yamma, a 2006 an take yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Sanigal.

Abba Rigasa: Allah ya jiƙansu. Wannan ban ja ba, Malam. Amma daga 15 a yi tsalle zuwa 45, ya yi yawa. A bar shi 15 kowane canji.

Oga Sani Panteka: Sai babban kamfani ya lissafa ya ga 15 ɗin ta fi masa sauƙi, ya yi ta canzawa. Zo Panteka gobe in nuna maka fistin ɗin nan biyu.