Jama'a ku ba ni shawara: in hana maganar addini a guruf ɗin siyasa ko in ƙyale?

Ɗan Ƙofar Sauri ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne admin ɗin wani guruf na WhatsApp da muka buɗe tun lokacin zaɓen 2023, yawancinmu 'yan cikin garin Katsina ne, akwai na Daura da Funtua da Malumfashi, kuma siyasa ce kawai ta tara mu, matsalar tsaro, tsadar taki, kuɗin ƙananan hukumomi, wa zai fito takara wa zai janye. To shekaranjiya sai wani ya tono tsohon saƙon Kirsimeti na 2020 na Bishof Matthew Kukah, bishof ɗin Katolika na Sakkwato, wanda a ciki ya zargi marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, da fifita Musulmin arewa wajen rabon muƙamai, har ya ce da wani shugaba ne wanda ba Musulmin arewa ba ya yi kaɗan daga cikin abin da aka yi, da tuni an yi juyin mulki. Wanda ya turo abin tambaya ɗaya ya yi, wai yanzu da muke kukan Tinubu ya cika manyan kujeru da 'yan yankinsa, ashe ba maganar bishof ɗin ce ta zagayo kanmu ba?

Tambaya ce mai kyau wallahi, amma ba a je ko'ina ba wani ya ce wai mai durƙusa wa gunkin Maryama ne zai koya mana adalci, shi kenan fa aka saki layi, wannan ya ce limamansu ba sa aure, wancan ya ce gaban mutum suke zuwa ya yafe masu zunubi, wani ya ce ai Fafaroma a wajensu ba ya kuskure, na tashi sallar asuba na tarar da saƙonni tuli guda kuma babu ko ɗaya da ya taɓa maganar muƙamai. Kiristocin da ke cikinmu dama ba su da yawa, biyu sun fice ba ko sallama.

Yanzu wasu na cewa in kafa doka duk wanda ya ambaci addini in cire shi, wasu kuma na cewa in na yi haka na zama ɗan boko aƙida. Ya kuke gani?

Abba Sabon Layi ya rubuta:

Admin ina cikin guruf ɗin kuma ni ban ga laifin kowa ba. Waye ya fara? Mutum ya sa rigar coci ya rataya gicciye ya yi magana ranar Kirsimeti da sunan saƙon addini, sannan a ce mana mu amsa mashi da siyasa zalla? Shi ya kawo addinin ai. Kuma ku leƙa X ku ga abin da ake mana, ko hatsarin mota aka yi a hanyar Kano sai an zagi Musulunci a kwament, can ba wanda ke cewa a yi haƙuri sai mu. In ka kafa dokar nan ni dai fita zan yi.

Bahaushen Malumfashi ya rubuta:

Salama gare ku. Malam admin ba na cikin guruf ɗinku amma irinsa na sha gani, kuma ni ina cikin mutanen da ake magana a kansu. Bahaushe ne ni gaba da baya, ɗan Katolika, kakana Bamaguje ne, rabin danginmu Musulmi ne, gwaggona ma Hajiya ce, da salla muna cin naman layya a gidanta da Kirsimeti a aika mata shinkafa da kaza mai rai ta sa a yanka da kanta.

Bari in amsa abubuwan da aka lissafa, ba don wani ya yarda ba, don dai in za a yi gardama a yi ta kan abin da muka faɗa da bakinmu. Maryamu ba ma bauta mata. Girmama ta muke a matsayin mahaifiyar Yesu, muna roƙon ta yi mana addu'a wajen Allah, mutum-mutumin da ke coci kuma abin tunatarwa ne a wajenmu. Na san wannan ba zai gamsar da Malam Abba ba, ai 'yan'uwanmu Kiristoci na cocin ECWA ma bai gamsar da su ba, tun 1517 da Martin Luther ya ɓalle a Jamus ake wannan gardama tsakaninmu da sauran Kiristoci, har Littafi Mai Tsarki namu littattafai 73 ne nasu 66. Rashin auren fada, wato limamin cocinmu, kuwa doka ce ta coci, mutum ya san da ita kafin ya shiga. Furta zunubi a gaban fada gaskiya ne muna yi, mun yi imani Allah ne mai gafarar ta hannun fadan, kuma fadan ba shi da izinin faɗa wa kowa abin da ya ji ko da za a kashe shi.

Maganar Fafaroma ba ya kuskure ita aka fi juyawa. A 1870 aka tabbatar da wannan koyarwa a taron Vatican, kuma ta shafi lokacin da ya yanke hukunci ne a hukumance ga coci baki ɗaya kan imani ko ɗabi'a, abin da ba a cika yi ba, na baya-bayan nan da kowa ya sani a 1950 ne. Shi kansa Fafaroma yana zuwa ya furta zunubinsa. To balle bishof ya yi magana kan Buhari ko Tinubu, wannan ra'ayinsa ne, kuna iya yi mashi kaca-kaca da hujja ni ba zan ji zafi ba, mu ma muna musu da shi a tsakaninmu. Kuma masu ɗauka duk ɗan Katolika Peter Obi ya bi a 2023 su duba Binuwai, Fada Hyacinth Alia a APC ya ci gwamna, jam'iyyar da ta tsayar da Musulmi biyu takarar shugaban ƙasa da mataimaki, kuma sai da bishof ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga aikin coci don dokarmu ta hana fada riƙe muƙamin gwamnati.

Abu ɗaya da ake mantawa, lokacin da Kukah ya rubuta saƙon nan sati biyu kenan da kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, kuma a lokacin Katsina tana ƙarƙashin Sakkwato ne a tsarin cocinmu, wato yankinsa ne. Sai a 2023 aka ba mu namu yankin, da Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, Bahaushe.

Inda muka rabu da ku na gaskiya ba a kan mutum-mutumi ba ne. Mu mun ce Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu kan gicciye ya tashi, ku kun ce Annabi Isa bawan Allah ne kuma ba a kashe shi ba. Wannan ba admin ɗin da zai raba. Abin da ke ƙona mani rai kawai shi ne in yi kukan ɓarayin daji sun hana mu noma, maimakon a ce haka ne ko ba haka ba ne, sai a ce kai arne me ka sani.

Dattijon Gobarau ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abba ɗana, mi ya yi zafi haka? Zagin da ake muna a X ɗin nan na ji labarinshi wajen yara, ba daɗi, amma wanda ya zage ka yana Legas ko Fatakwal, wanda ka rama a kanshi kuma maƙwabcinka ne da za ku haɗu a babbar kasuwa gobe. Ba ka rama ba ke nan, wani daban ka ɓata wa.

Kuma ba ra'ayina ba ne wanga. Duba Suratul An'am aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu ke kira baicin Allah don kada su zagi Allah bisa jahilci. Duba Ankabut aya ta 46, an ce kada a yi jayayya da ma'abota littafi sai ta hanya mafi kyau. Ita Nana Maryam da aka jawo sunanta cikin rigimar muƙamai, sura guda ke gare ta, ta 19, kuma ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, ya kamata baki ya yi nauyi wajen kiranta ko da kuwa wani kake son ka soka. Kiristocin Najran sun zo Madina sun yi muhawara da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan Annabi Isa, ba su musulunta ba, aka yi yarjejeniya suka koma gida lafiya.

Kada wani ya ɗauka sassauci nike a aƙida. Ɗan Malumfashi ya faɗi nashi a fili na kuma ji daɗin haka, ni ma ga nawa, Allah ɗaya ne bai haifa ba ba a haife shi ba, kuma roƙon wanda ya rasu ya yi maka addu'a ban yarda da shi ba. Amma wannan zaure gare shi, da littattafai a buɗe da mutanen da suka yi karatu, ba ƙarfe biyun dare da sitika ba.

Shi kuma bishof, maganar juyin mulkin nan ban ji daɗinta ba tun a lokacin, ƙasar da ta sha mulkin soja ba a yi mata irin wannan misali. Kuma yaran Ƙanƙara ɗiyan Musulmi ne galibinsu, a jihar shugaban ƙasa, yana ma Daura a satin, to wace riba Musulmin arewa suka ci? Ka ga na soke shi ban taɓa cocinshi ba. Ku tuna kuma da wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar garin, fadar Buhari ce da kanta ta fito ta ce ba wanda ke da ikon korar ɗan ƙasa daga inda yake zaune. Shi ne kuma dai yake cikin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami da ya sa Jonathan da Buhari sa hannu kafin zaɓen 2015.

Maman Nana ta rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana. Ni admin zan ce wa, dokar hana ambaton addini gaba ɗaya ba za ta yi aiki ba, ko sati ba za ta kai ba kai da kanka za ka karya ta. Ni malamar makaranta ce, ka tuna azumin 2025 da Katsina da Kano da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu, ƙungiyar Kiristoci ta CAN da majalisar bishof-bishof na Katolika suka fito suka soki matakin? To wannan siyasa ce ko addini? Mu a ɗakin malamai mun yi musu sosai, wasu na cewa zafin Maris da ƙishirwa yara ba sa fahimtar komai gara a huta, wasu na cewa masu WAEC da NECO fa, kuma abin mamaki ba a kan addini muka rabu ba, akwai Hajiyar da ta fi kowa adawa da hutun. Irin wannan in ka hana a tattauna to me ya rage? Haka tikitin Musulmi biyu, haka Hisbah, haka shari'ar da aka ƙaddamar a jihar nan a 2000 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, haka kuɗin da gwamnatoci ke sawa a aikin hajji da ziyarar Urushalima. Tsarin mulkin 1999 sashe na 10 ya ce gwamnati ba za ta ɗauki wani addini a matsayin na ƙasa ba, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, amma ba inda aka ce malami ko fada ya rufe baki kan mulki, namu malaman ma ai suna yi a mumbarin Juma'a kuma muna tura bidiyon da murna in ya yi daidai da jam'iyyarmu.

Ni dai abin da zan rubuta da ni ce kai, duk malami ko fasto ko bishof da ya shigo siyasa a auna maganarsa, a ce ƙarya ne ko gaskiya ne a kawo sunaye da kujeru, amma abin da yake bauta wa da yadda yake ibada a bar mashi. Wanda ya tsallaka a goge saƙon a ja mashi kunne, ya sake a fitar da shi na wata guda. Sannan don Allah ka hana sautin murya mai minti goma, data ta yi tsada.

Ɗan Ƙofar Sauri ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti, Malam na Malumfashi kai ma godiya nake, wallahi maganar 1870 ɗin nan yau na fara jin ta. Shawarar Anti zan ɗauka, yau bayan isha'i zan liƙa ta a saman guruf, mutum biyun da suka fita kuma zan kira su a waya in ji ko za su dawo, in sun ƙi ba zan matsa ba.

Abba Sabon Layi ya rubuta:

Baba na ji, na bar maganar Nana Maryam. Amma ni har yanzu ina nan kan cewa wanda ya yi magana da rigar addini ya san abin da yake yi. Admin tambaya ɗaya, dokar nan ta haɗa da rigimar Izala da ɗariƙa? Don ita ce ke tashi duk watan Maulidi kuma ban taɓa ganin ka goge ko saƙo ɗaya ba.

Ɗan Ƙofar Sauri ya rubuta:

Ta haɗa Abba. Kuma bara kai ka fara ta.